Kuskure Na Biyar

Ƙarfe ɗaya na dare a ɗakin sabar asibitinmu,
ɗaki ɗaya tilo a Mabera
da mutum zai nemi rigar sanyi a tsakiyar bazara.
Allo na nanata magana guda kamar mai bin bashi:
an kasa rubutawa, kuskure na biyar.

Tun Litinin ake haka.
Shafa'atu ta auna jini, ta danna adana,
saƙo ya bi waya, ya ƙetare tsakar asibiti
zuwa akwatin ajiya da ke bayan ɗakin magani,
ya yi sallama, a ƙi amsawa.
Ba kullum ba. Da kullum ne da na huta.
Ƙaramin fayil ya shige lafiya,
hoton ƙirji ya je da haƙarƙari cikakku, ya isa da rabi.

Na zargi ɓera, na bi waya da tocila har bakin kwata.
Na zargi janareta.
Na zargi faifai huɗu da ba su ci ba, ba su sha ba,
na zare su ɗaya ɗaya ina saurare
kamar mai sayen kankana a Kasuwar Daji.
Lafiyarsu lau.

Sai na tuna da Lahadi.
Ni da hannuna na sabunta kanel,
ƙwallon nan na can ciki da ba a gani,
mai gaya wa ƙarfe yadda zai ji magana.
Garin neman gira.
Na tada tsohuwar, rubutu ya zauna daram.
Na tada sabuwar, ya zube.

Tsakanin tsohuwa da sabuwa canji dubu biyu ne da 'yan kai.
Kakana a Ƙofar Marke, in magana ta zo masa da ɗingishi,
ba ya faɗa da maganar,
sai ya ce wa ya ji daga wa,
ya bi su mutum mutum har ya kama mai mantuwa.
Ni ba ni da haƙurinsa, rabawa nake biyu.
In gina, in kunna, in aika hoton ƙirjin nan guda,
na wata tsohuwa daga Wurno
da ɗanta ke kwana a kan tabarma a bakin get yana jira.
Ya shiga? Laifi na gaba.
Ya ƙi? Laifi na baya.
In sake rabawa.

Baba Gidado mai gadi ya leƙo da butarsa:
"Mi kaka biɗa cikin akwati da tsakad dare?"
Na ce layi guda, Baba.
Ya dubi wayoyin, ya dube ni, ya ja ƙofa a hankali.

Rabo na goma sha ɗaya, dare na biyu, ga shi nan.
Wani bawan Allah a wata ƙasa
inda waya ba ta taɓa yin numfashi tsakiyar magana ba
ya ga ana jira kaɗan kafin a sake aikawa,
ya ce ɓata lokaci ne, ya goge.
Bai san tamu wayar ba,
wadda rana ke gasawa har la'asar,
mai tuntuɓe ta tashi in an ba ta daƙiƙa biyu.

Ban ji haushinsa ba. To, na ji kaɗan.
Na mayar da jiran inda yake, na ɗora faci,
na rubuta masa takarda da Turancina na mai barci,
na haɗa da shaidar kowane gwaji.

Hoton tsohuwa ya shiga, haƙarƙari duk sun cika.
Akwai wani farin tabo a gefen hagu.
Wannan ba karatuna ba ne, na likita ne da safe.
An kira assalatu.
Na fito, zafi na tsaye a bakin ƙofa yana jirana,
ɗanta na naɗe tabarma.